Yara 12 da Ƙwayar Wake 7,324: Yadda Ɗalibin Sakandare Zai Tankaɗe Takardar Bincike

Mai karatu, idan ka taɓa leƙa taron kulob ɗin kimiyya na wata makarantar sakandare, ko ajin bayoloji na 'yan shekarar ƙarshe ranar da malami ya ce kowa ya kawo takardar bincike ya gabatar, to ka san yadda abin yake gudana. Ɗaliba za ta miƙe da takarda a hannu. Ta karanto sunan mujalla da sunayen marubuta, ta bi tsakuren da ke saman takardar layi-layi, ta tsallake shafukan tsakiya masu jadawali da lambobi, ta dira kan kammalawa. Sai ta rufe da cewa, "Raunin wannan bincike shi ne waɗanda aka gwada ba su da yawa, kuma akwai buƙatar ƙarin bincike." A tafa mata, malam ya ba da maki. Na bayanta ya taso da tasa takardar a kan wani fanni daban, shi ma ya rufe da wannan jimla, ko kalma ɗaya ba ta canza ba.

Ba na ganin laifin yaran. Tunanin sa ɗalibi ya karanta takardar bincike ta asali ma abu ne mai kyau ƙwarai, domin littafin aji yakan kawo ilimi a wanke a goge, kamar daga sama ya faɗo, ba a nuna wa yaro wahalar da aka sha kafin a kai gare shi. Inda na samu matsala shi ne irin gabatarwar nan hadda ce guda biyu aka haɗa: haddar abin da marubuci ya ce, da haddar jimlar suka da ta dace da kowace takarda a duniya. Shafukan da aka tsallake kuwa, wato inda aka faɗi wa aka gwada, su nawa ne, da wa aka kwatanta su, a nan gaskiyar takarda take kwance.

Bari in nuna maka da takardu biyu na gaske, waɗanda duk ɗalibin aji shida zai iya karantawa idan malami ya ɗan riƙe masa hannu.

Takardun biyu

Ta farko kowa ya san mai ita, ko da bai taɓa ganin ta ba. Gregor Mendel, malamin coci a garin Brno da ke Jamhuriyar Cek ta yau, ya shafe shekaru daga 1856 zuwa 1863 yana barbarar wani irin wake na Turai, koren nan da ake zubawa a soyayyar shinkafa. Ya karanta sakamakonsa gaban wata ƙaramar ƙungiyar masu nazarin halittu ta garin a 1865, aka buga a mujallar ƙungiyar a 1866. Kusan ba wanda ya kula. Mendel ya rasu a 1884, sai a 1900 wasu masana tsirrai uku suka tono aikin. Yau da shi ake buɗe darasin gadon halitta a ko'ina.

Ta biyu ta fito a watan Fabrairun 1998 a The Lancet, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya. Marubuta 13 ne, jagoransu Andrew Wakefield na asibitin Royal Free da ke Landan. Sun ba da labarin yara 12 masu ciwon hanji tare da koma-bayan hali da magana, akasarinsu an ce suna da otizim, larurar da wasu ke kira galahanga. Takardar ta ce a yara 8 cikin 12, iyaye ko likitan yaron sun danganta farawar matsalar da allurar MMR, wato rigakafin da ya haɗa ƙyanda da hangum da rubela a allura ɗaya.

Da a ce da suna ake auna takarda, ai magana ta ƙare: ga babbar mujalla, ga babban asibiti, ga likitoci 13, a ɗaya ɓangaren kuma ga mutum ɗaya da lambunsa. Shi ya sa nake ba malamai shawara su rufe sunan mujalla da na marubuta kafin su miƙa wa ɗalibai takarda. Sai an gama tankaɗe a buɗe.

Nawa aka ƙirga?

A gwajinsa na farko, Mendel ya haɗa waken da ƙwayarsa mulmulalliya ce da wanda tasa yamutsattsiya ce. 'Ya'yan farko duk suka fito mulmulallu. Ya bar su suka barbari kansu, ya ƙirga jikokin: ƙwaya 7,324, daga ciki 5,474 mulmulallu, 1,850 yamutsattsu. Ka raba, za ka samu 2.96 ga kowace 1. A gwajin launi kuma ya ƙirga 8,023: rawaya 6,022, kore 2,001, wato 3.01 ga 1. Daga nan 3:1 ɗin da yara ke haddacewa don jarrabawar WAEC da NECO ya samo asali.

Amma akwai wani sakin layi a takardar da littattafan aji ba sa kawowa, kuma a wurina ya fi komai daraja. Mendel ya faɗi abin da ya gani a tsiro ɗaɗɗaya. Akwai tsiron da ya ba shi mulmulallu 43 da yamutsattsu 2 kacal. Akwai wanda ya ba shi 14 da 15. A gwajin launi, wani tsiro ya ba da rawaya 32 da kore 1, wani ya ba da 20 da 19. Ka gani? Da tsiron 14 da 15 kaɗai ya ƙirga, da ya yi rantsuwa cewa rabi da rabi ne. Da mai 43 da 2 ya ƙirga, da ya ce yamutsattsen hali ya kusa ɓacewa. Shi da kansa ya ja hankalin mai karatu cewa ƙaramin adadi yana rawa sosai, sai an tara da yawa ake ganin ainihin tsarin.

Ɗalibai za su iya ganin wannan da idonsu. A zuba farin wake 300 da jan wake 100 a kwano, a cakuɗa, kowa ya rufe ido ya ɗebi 12, ya rubuta abin da ya samu, ya mayar. Lissafi ya ce a sa ran fari 9 da ja 3, amma kusan sau ɗaya cikin huɗu ne kawai za a samu hakan daidai. Wani zai samu 11 da 1, wani 7 da 5. Idan aka tara na ajin gaba ɗaya a allo, sai 3:1 ya fara bayyana. Yaron da ya yi wannan wasa, ya kuma buɗe takardar Wakefield ya ga yara 12, ba sai an koya masa jimlar suka ba.

Amma ƙarancin adadi ba kullum ne laifi ba

A nan ne haddar suka take kāyar da ɗalibi. Ranar 5 ga Yunin 1981, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga wani gajeren rahoto a kan mutum 5 kacal, matasa maza a birnin Los Angeles, da suka kamu da wani nau'in ciwon huhu. Wannan shi ne rahoton farko na cutar ƙanjamau. Ɗalibin da ya haddace "ba su da yawa" zai yi watsi da shi, ya yi babban kuskure.

Me ya bambanta mutum 5 na Los Angeles da yara 12 na Landan? Ciwon huhun nan ba a saba ganin sa ba sai a jikin wanda garkuwarsa ta rushe. Ganin sa a matasa 5 da aka sani da lafiyarsu, a gari ɗaya, cikin 'yan watanni, abin a tsaya a duba ne. Idan ka ga ƙanƙara ta zubo a Sakkwato cikin watan Janairu, ba ka buƙatar ta zubo sau ɗari kafin ka ce akwai magana. Ita kuwa allurar MMR, tun 1988 ake yi wa yaran Birtaniya, kuma a tsakiyar shekarun 1990 sama da yara 9 cikin 10 suna samun ta. Ka shiga kowace unguwa a Landan ka tara yara 12, masu otizim ne ko masu hagu ko masu son ƙwallo, wajen 11 daga cikinsu an yi musu allurar. Samun ta a tarihin yaran Wakefield bai gaya mana komai ba.

Don haka tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi ita ce: wannan adadi, ya isa ya ɗauki nauyin maganar da aka ɗora masa? Mutum 5 sun isa a ce "ga wani baƙon abu, a bincika." Yara 12 ba su isa a ce "allurar da miliyoyi ke karɓa tana jawo larura" ba.

Da wa aka kwatanta?

Kafin Mendel ya fara barbara, ya samo irin wake 34 daga masu sayar da iri, ya shafe shekara biyu yana shuka su don ya tabbatar kowane iri yana haifar da kamarsa, sannan ya zaɓi 22. Ya kuma ajiye wasu tsirrai a tukwane cikin ɗakin gilashi, don ya gane ko ƙwari na ɓata masa barbarar da ke fili. Kowane sakamako nasa yana da abin da za a jera shi da shi.

A takardar 1998 an kwatanta wasu gwaje-gwaje, kamar na fitsari, da na wasu yara. Amma a kan tambayar da ta tayar da duniya, wato allura, babu rukunin kwatance ko ɗaya. Ba a kawo yaran da aka yi wa allura suka zauna lafiya ba. Ba a kawo masu otizim da ba a yi musu ba. Abin da aka dogara da shi shi ne lokaci: an yi allura, bayan 'yan kwanaki iyaye suka ga canji. Takardar ta ce a matsakaici kwana 6 da 'yan kai ne tsakani.

Mu Hausawa mun san wannan tarko a gidajenmu. Yaro ya kai wata shida ko bakwai, ya fara zawo da zazzaɓi, sai kaka ta ce, "Ai haƙori ne." Haƙorin kuwa yana fitowa, ba ƙarya ta yi ba. Sai dai a daidai wannan lokaci ne garkuwar da ya samo daga uwa take raguwa, a lokacin ake fara ba shi kunu da abinci, a lokacin yake rarrafe yana kai duk abin da ya samu baki. Abubuwa biyu sun zo tare, sai aka ɗora wa ɗaya laifin ɗaya, yaro kuma ya yi ta bushewa ana jiran haƙori ya gama fitowa. Haka lamarin MMR yake. Ana yin ta ne jim kaɗan bayan yaro ya cika shekara ɗaya, alamun otizim kuma sukan fara fitowa fili a shekara ta biyu, lokacin da ake sa ran yaro ya fara magana. Ko da allura ko babu, dubban iyaye za su ga canjin a wannan tsakanin.

Ƙari a kan haka, kwanakin nan daga bakin iyaye aka ji su, wasu bayan shekaru, domin yaran 'yan shekara 3 zuwa 10 ne lokacin binciken. Uwar da ke neman dalilin halin da ɗanta ya shiga, tunaninta zai kama abin da ya fi fitowa fili, kuma ranar allura rana ce da ba a mantawa. Wannan ba ƙarya ba ce, haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take.

Yadda ake amsa irin wannan tambaya shi ne abin da masu bincike a Denmark suka yi. A 2002 suka buga nazarin yara 537,303, duk waɗanda aka haifa a ƙasar daga 1991 zuwa 1998, suka jera waɗanda aka yi wa allura da waɗanda ba a yi wa ba. Otizim bai fi yawa a masu allura ba. A 2019 aka sake yi da yara 657,461, amsa ba ta canza ba.

Wa ya zaɓo yaran?

Mai sayen tumatir a kasuwa ya san ba a yanke hukunci da na saman kwando. Takardar ta nuna kamar yaran sun zo asibiti ne ɗaya bayan ɗaya, yadda marasa lafiya ke zuwa. Ɗalibi mai lura zai tambaya: ta yaya yara masu matsalar hali da magana suka taru a sashen ciwon hanji, kuma akasarin iyayensu suna zargin abu guda? Wa ya nuna musu hanya? Takardar ba ta ba da amsa mai gamsarwa ba, kuma rashin amsar kansa abin rubutawa ne a allo.

Kada ka ɗauka sai bayan shekaru aka gano waɗannan ramuka. A cikin fitowar mujallar da ta ɗauki takardar, an buga sharhin wasu masana biyu daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, Robert Chen da Frank DeStefano, suna nuna matsalar zaɓen yaran da haɗarin ɗaukar dacewar lokaci a matsayin dalili. Sukar tana nan tun ranar farko. Jaridu ne ba su ɗauke ta da ƙarfin da suka ɗauki zargin ba.

Abin da takarda ta ce, da abin da mai ita ya faɗa

Ga wani abu da zai ba ɗalibai mamaki. Kusa da ƙarshen takardar, marubutan sun rubuta ƙarara cewa ba su tabbatar da alaƙa tsakanin allurar da larurar ba. Amma a taron manema labarai da aka kira a asibitin, Wakefield ya ba da shawarar a daina haɗa rigakafin uku, a riƙa yin su ɗaya-ɗaya da tazarar shekara. Babu wani abu cikin yara 12 ɗin da ya gwada wannan shawara. Washegari abin da iyaye suka karanta a jarida shi ne maganar taron.

Sakamakon ba a takarda ya tsaya ba. Yawan yaran da ake yi wa MMR a Ingila ya sauko daga kusan kashi 92 cikin 100 zuwa kusan kashi 80 a 2003 da 2004. Ƙyanda cuta ce mai saurin yaɗuwa, tana buƙatar wajen kashi 95 su samu rigakafi kafin a tare ta. A 2006 wani yaro ɗan shekara 13 ya mutu da ita, mutuwar farko irinta a ƙasar cikin shekara 14, kuma a 2008 hukumomi suka bayyana cewa cutar ta dawo da zama a Ingila da Wales.

Darasin ga mai gabatarwa a aji shi ne ya raba abu uku: abin da aka auna, abin da marubuta suka ce ma'anarsa, da abin da aka yaɗa a waje. Sau da yawa kowannensu ya fi na gabansa girma.

Iyakar idon ɗalibi

Dole in yi adalci a nan, domin masu goyon bayan wannan darasi sukan zuzuta shi fiye da kima. Duk tambayoyin da muka yi za su kai ɗalibi ga cewa takardar ba ta da ƙarfi. Ba za su kai shi ga cewa akwai maguɗi ba. Wannan sai da ɗan jarida Brian Deer ya shafe shekaru yana bin diddigi. A 2004 ya fallasa cewa Wakefield yana karɓar kuɗi ta hannun lauyoyin da ke shirya ƙarar kamfanonin allurar, kuma wasu daga cikin yaran suna da alaƙa da ƙarar. Kuɗin da ya karɓa a tsawon shekaru sun haura fam 400,000. An kuma gano cewa tun 1997 an shigar da neman haƙƙin mallakar wata allurar ƙyanda ta daban da sunansa a matsayin mai ƙirƙira. A wannan shekara ta 2004, marubuta 10 cikin 13 suka janye fassarar da aka yi wa sakamakon. A Fabrairun 2010 The Lancet ta janye takardar ɗungurungum, a watan Mayu hukumar kula da aikin likitoci ta Birtaniya ta soke lasisinsa bisa samun sa da rashin gaskiya. A 2011 mujallar BMJ ta buga kwatancen takardar da bayanan asibitin yaran: wasu da aka ce suna da otizim ba a taɓa tabbatar musu da shi ba, wasu kuma matsalarsu ta fara tun kafin allura. Shi Wakefield har yau yana musanta laifi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ya ɗauki shekara 12 kafin a kai ƙarshensa. Mai karanta takarda, ɗalibi ne ko farfesa, yana karanta abin da aka rubuta masa ne. Shi ya sa takarda ɗaya ba ta yanke hukunci. Tambayar ƙarshe kullum ita ce: wasu da ba su da alaƙa da marubucin sun sake gwadawa sun samu haka?

Shi ma Mendel bai tsira ba

Kada ɗalibai su tashi da tunanin cewa akwai waliyyi akwai ɓarawo, shi ke nan. A 1936 masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya bi lambobin Mendel ɗaya bayan ɗaya, ya ce sun yi daidai da abin da ake tsammani fiye da yadda sa'a za ta bari. Wato kamar ajin nan namu ne, kowane ɗalibi ya ɗebi wake ya ce ya samu 9 da 3. Malami mai hankali zai yi zargin wani yana leƙe. Fisher ya yi tunanin ko wani mataimaki ne ya gyara ƙirgar don ya faranta wa maigida. Wasu masana suka ce ƙwayar da launinta ke tsakanin kore da rawaya, mutum yana iya jefa ta ɓangaren da yake sa rai ba tare da ya sani ba. Wasu suka ce lissafin Fisher ne bai yi la'akari da yadda wake ke barbara ba. Har yau ana muhawara, kodayake akasarin waɗanda suka yi nazarin lamarin ba sa ganin Mendel ya yi ha'inci da gangan.

To me ya sa ba a jefar da Mendel ba? Domin ya rubuta hanyarsa dalla-dalla, duk mai lambu zai iya maimaitawa, kuma an maimaita: a wake, a masara, a ƙudan 'ya'yan itace, a ɓera. Ko mu nan muna ganin tsarin a gidajen da uba da uwa duka AS ne, inda kowane ciki ke da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. An zargi lambobinsa, sakamakonsa ya tsaya. An gwada zargin Wakefield a kan dubban ɗaruruwan yara, ya faɗi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

To yaya za a gabatar a aji?

Da ni ke ba da maki, ga abin da zan nema. Ɗalibi ya ajiye takardar a kan benci, ya faɗi tambayar da masu binciken suka yi da bakinsa, cikin jimla ɗaya, da Hausa ma idan ya fi masa sauƙi. Wanda ba zai iya faɗa wa ƙanensa tambayar ba bai gane ta ba tukuna. Sannan ya ɗauki alli ya zana gwajin: ga waɗanda aka gwada, ga adadinsu, ga inda aka samo su, ga waɗanda aka kwatanta su da su. Idan akwatin kwatance ya zauna fanko, kowa zai gani. Daga nan ya zaɓi jadawali ɗaya tak ya bi da ajin cikinsa lamba-lamba. Sai a ƙarshe ya faɗi abin da marubuta suka ce, ya kuma faɗi ko lambobin sun kai su can.

Jimlar "akwai buƙatar ƙarin bincike" kuwa zan hana ta, sai ga wanda zai faɗi wane bincike, a kan su wa, kuma wane sakamako ne zai sa ya canza ra'ayi. Zan kuma ware rabin makin ga masu sauraro, a kan tambayar da suka yi. A ajinmu yaro ya saba cewa tambaya rashin kunya ce ko alamar bai gane ba. Maki ne zai fi saurin kawar da wannan tsoro.

Akwai malaman da za su ce kawo takardar Wakefield aji wasa da wuta ne, kada a je gyaran gira a rasa ido: yaro ya koma gida da rabin labari, ya ce malam ya ce allura na kawo larura. Wannan fargaba tana da tushe. Mun ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Amsata ita ce kada a raba darasin gida biyu. Ranar da aka buɗe yara 12, a ranar za a buɗe yara 537,303, a kuma nuna musu shafin takardar kamar yadda yake yanzu a intanet, da jan rubutun janyewa a kwance a kansa. Ɓoye musu ba zai kare su ba, tunda saƙon "bincike ya nuna" yana shigowa wayar gidansu ta WhatsApp ko malam ya so ko bai so ba.

Ɗalibar nan da muka fara da ita, nan da 'yan shekaru ita ce za ta goyi jariri ɗan wata tara ta tsaya a layin rigakafin ƙyanda, ko ta fasa zuwa saboda wani saƙon murya da aka turo mata. Ba za ta tuna sunan mujallar da ta karanto a aji ba. Amma idan ta taɓa rufe ido ta ɗebi wake 12 daga kwano ta ga yadda ya yaudare ta, akwai kyakkyawan zaton za ta tambayi mai saƙon: su nawa aka gwada, kuma da wa aka kwatanta su? Kai ma, mai karatu, saƙo na gaba da ya shigo maka da "masana sun gano", gwada masa waɗannan tambayoyi biyu kafin ka tura wa wani.